Yusuf da Joseph: da gaske takwarorin juna ne?

Tambaya: Malam, an yi mini haihuwa, namiji, kuma ina so in raɗa masa Yusuf, sunan mahaifina. Da na gaya wa maƙwabcin shagona a Sabon Gari, mai suna Joseph, sai ya ce ai shi aka yi wa takwara. Haka ne? Kuma me sunan yake nufi? Daga Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Allah ya raya, ya shirya mana shi. Malam, maƙwabcinka bai yi ƙarya ba, suna ɗaya ne, baki ne ya bambanta.

Asalinsa Ibrananci ne, Yosef, daga kalmar da ke nufin ƙari, wato "Allah ya ƙara". A Littafin Farawa na Baibul an kawo cewa Rahila, matar Annabi Yaƙubu, ta daɗe ba ta haihu ba, da ta samu wannan ɗa sai ta roƙi Allah ya ƙara mata wani. Daga baya ta haifi Bunyaminu.

Za ka ji wasu na cewa daga "asaf" na Larabci aka ciro shi, wato baƙin ciki, saboda faɗin Annabi Yaƙubu a aya ta 84 ta Suratu Yusuf, "ya asafa ala Yusuf". Ni ban karɓi wannan ba. Daɗin lafazi ne ya haɗa kalmomin biyu. Malaman nahawu ma sun lissafa Yusuf cikin sunayen ajami, wato waɗanda asalinsu ba Larabci ba ne, shi ya sa ba ya ɗaukar tanwini, kamar Ibrahim da Isma'il. Duk almajirin da ya zauna zauren cikin birni ya san wannan.

Da sunan ya shiga duniya, kowa ya lanƙwasa shi daidai harshensa. Ingila da Faransa suka ce Joseph, Sifaniya José, Italiya Giuseppe. Salahuddin al-Ayyubi ma, mutane da yawa ba su san sunansa na yanka Yusuf ba ne. Mu kuma muka ce Yusufu ko Isufu, Sakkwatawa su ce Isuhu. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya rasu a 2005, da wasalin ƙarshen nan na Hausa yake rubuta nasa. A Wusasa kuwa za ka tarar da Yusufu Kirista Bahaushe.

Tunda sunan mahaifinka ne, maiɗakinka ba za ta iya kiran sunan surukinta gatsau ba. In ba ku so Abba, ga Maitama nan, laƙabin Yusufu ne, kamar na marigayi Ɗanmasanin Kano, Yusuf Maitama Sule.