Maƙwabci, salansa, da maganar wai kamfanin zai mutu

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce maƙwabcinka yana hawan babur na wani kamfani daban, kullum kuka haɗu sai ya yi wa naka ba'a, yanzu kuma ya fara cewa kamfanin da ya ƙera naka yana gab da durƙushewa, nan gaba kayan gyara ma ba za ka samu ba. Shi ne kake tambaya ko ka sayar tun da sauran daraja. A can ƙarshe kuma ka ɗan sako cewa ya taɓa yi maka ƙorafi a kan ƙarar da kake yi da sassafe. To ni a wurina nan gizo ke saƙar, ba wajen kamfani ba.

Bari in fara da abin da ya faru da ni. Shekaru kusan ashirin ina kan babur, kuma akwai lokacin da ƙuruciya ta sa na kai salansata aka cire mata ɗan bututun nan na ciki mai shanye ƙara. In na murza totur, daɗi har cikin ƙirjina. Maƙwabcina, wani dattijo mai aikin dare, shi ma yana da nasa babur ɗin na wani kamfani. Tun daga lokacin ya sa wa nawa suna injin niƙa. Yau ya ce ƙarfensa gwangwani ne, gobe ya ce masu ƙera shi ba su san aikinsu ba. Ni kuwa na ɗauka hassada ce, nake rama masa daidai gwargwado.

Wata safiya na shiga wurinsa aron sifana mai lamba goma, ina tsaye a bakin ƙofar ɗakinsa yana laluben akwati, sai ƙanena ya tayar da babur ɗin a waje. Gilashin tagar ya hau kakkarwa. Cokalin da ke cikin kofi a kan tebur ya fara ƙara da kansa, jikarsa da ke barci ta zabura da kuka. Dattijon bai ce mini komai ba, ya miƙo mini sifanar yana kallona. A ranar na mayar da bututun. Na kuma koma tura babur ɗin zuwa bakin titi kafin in tayar, tafiyar da ba ta kai minti biyu ba. Ba'ar ba ta ƙare ba, har yau in mun haɗu sai ya tambaye ni ya injin niƙa, amma ta zama wasa.

Abin da na gane shi ne, mutum mai kunya ba ya iya cewa ka hana ni barci sau goma. Zai faɗa sau ɗaya, in ba ka ji ba sai ya koma zagin babur ɗinka. Wanda ke kan babur ba ya jin abin da na cikin ɗaki ke ji, domin ƙarar baya take fita, ta bugi katanga ta dawo, ga shi da sassafe ko'ina tsit. Kuma wannan ne ya sa ban yarda da masu cewa ƙarar salansa na kare rai a titi ba. Direban da ke gabanka, gilashi a rufe, rediyo a kunne, ba zai ji ka ba sai ka zo daf da shi. Fitila mai haske da hon mai kyau sun fi ta amfani. Ga kuma wata ɓarnar: in ka buɗe salansa ba ka sa an daidaita kabireta ba, iska takan yi wa mai yawa, injin ya riƙa zafi fiye da kima.

To, mu zo kan kamfani. Ba zan kira sunan naka ba, kada in tayar da wata ƙurar a nan, ka san halin 'yan uwanmu. Amma maganar kamfani kaza zai mutu ta girme ni ta girme ka. Wani lokaci gaskiya ce. Ingila ta taɓa riƙe kasuwar manyan babura da BSA da Norton da Triumph, masu su suna raina na Japan, suna cewa ƙananan abubuwa ne na zuwa aike. Da Honda ya fito da CB750 a 1969, mai silinda huɗu da birkin faifai a gaba da maɓallin tayarwa, ba a yi shekara goma ba BSA ya ɓace daga kasuwa. Triumph ya yi ta jan ƙafa har 1983 ya rufe. Sai dai sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho: wani maginin gidaje, John Bloor, ya sayi sunan, ya gina sabuwar masana'anta a Hinckley, ya dawo da sababbin babura a farkon shekarun 1990. Royal Enfield kuwa ya mutu a Ingila ya rayu a Indiya, inda ake harhaɗa shi a Madras (Chennai a yau) tun 1955, yau ga shi ana kai shi har ƙasar da ta haife shi.

Harley-Davidson fa? An kafa shi a Milwaukee ta Amurka a 1903, kuma an sha yi masa ta'aziyya tun yana numfashi. A 1981 manyan ma'aikatansa 13 suka sayo shi daga hannun AMF, kamfanin da ya mallake shi, lokacin ana yi masa dariyar yoyon baƙin mai. A 1983 sai da gwamnatin Reagan ta ɗora haraji mai nauyi a kan baburan da ake shigowa da su masu injin da ya wuce cc 700 don ya samu ya numfasa, kuma a 1987 shi da kansa ya ce a janye. Ya kai ƙololuwa a 2006 da babura kusan 349,000, a 2024 ko rabin haka bai fitar ba. Matsalarsa a fili take: masu sonsa suna tsufa, yara kuma ba su da kuɗinsa. Shi ya sa ya haɗa kai da Hero na Indiya suka fito da ƙaramin X440 a 2023, shekarar da Triumph ma ya fito da Speed 400 wanda Bajaj ke ƙerawa. TVS ya sayi Norton a 2020. KTM na Ostiriya, da duk kofunan tseren da ya tara, bashi ya durƙusar da shi a ƙarshen 2024, Bajaj ne ya zuba kuɗi ya karɓi ragama.

Ka duba wannan jerin da kyau, za ka ga abin dariya. Mu muna nan muna tada jijiyar wuya a kan tambari, su kuwa masu tambarin sun zama surukan juna. Kuɗin ma ba a wajen manyan babura masu ruri yake ba. Yana wajen ƙanana masu kai mutum aiki su dawo da shi, irin Super Cub na Honda da aka fara a 1958, wanda ya haura miliyan 100 a 2017. A ganina duk kamfanin da ba shi da ƙaramin babur mai araha, ko abokin tarayya mai yi masa, shi ne zai fi shan wuya a shekaru masu zuwa.

Amma kai ba hannun jari ka saya ba, babur ka saya. Abin da ya shafe ka shi ne kayan gyara, su kuma yawan baburan da ke kan titi suke bi. In an ƙera irin naka da yawa, ko kamfanin ya rufe gobe, wasu za su ci gaba da yin fistin da rin da takalmin birki, domin akwai ciniki. Taya da batir da filogi da sarƙa da boris dama yawanci ba kamfanin babur ke yin su ba. Ko da kamfanin Polaris na Amurka ya daina ƙera baburansa na Victory a Janairun 2017, ya yi alkawarin samar da kayan gyara na shekara goma. Inda ake shan wahala shi ne samfurin da aka yi kaɗan aka daina, musamman robobin jiki da ƙwaƙwalwar injin da kayan wuta. Waɗannan in suka lalace sai ka bi baburan da suka yi haɗari kana tsinta.

Saboda haka kafin ka sa shi a kasuwa, je ka wajen makanike biyu ko uku da ba su san juna ba, ka tambaye su wane abu ne a jikin irin naka ya fi ba su wuyar samu, kuma kwana nawa yake ɗauka kafin ya zo. In suka ce komai akwai, riƙe abinka. In suka fara sosa ƙeya a kan kayan wuta, to ka yi tunanin sayarwa, ba don maƙwabci ya faɗa ba. Shi kuma, gobe da safe ka sa wani ya tayar maka da babur ɗin, ka je ka tsaya a ƙarƙashin tagarsa ka saurara.