Ɗigon Ruwan Ƙwai Da Ke Cikin Fitilar Waya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Idan fitilar bayan wayata tana kashe, sai in ga wani ɗigo ruwan ƙwai a cikinta, amma da na kunna sai ta ba da farin haske. Ko lalacewa ta fara yi?
Mai karatu daga Funtuwa

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, lafiyarta ƙalau. Da za a kankare ɗigon nan, shuɗin haske za ka gani, domin ainihin ƙwan LED ɗin shuɗi yake fitarwa. Wannan shuɗin ƙwai shi ya sa masana kimiyyar da suka ƙirƙiro shi, Akasaki da Amano da Nakamura, suka samu kyautar Nobel a 2014.

Abin da ka gani garin ƙananan lu'ulu'u ne mai ɗauke da ƙarafan itiriyom da alminiyom, aka barbaɗa masa ɗan wani ƙarfe mai suna seriyom. Seriyom ɗin ke shanye wani kaso na shuɗin ya mayar da shi rawaya, sai ido ya haɗa biyun ya ga fari. Seriyom yana cikin rukunin ƙarafa 17 da ake kira masu wuyar samu, kodayake sunan ya ɗan yi ƙari: seriyom ya fi dalma yawa a ƙasa, rarrabe su daga juna ne jan aiki, kuma Sin ce ta riƙe wuyan wannan sana'a.

Barbaɗin nan kamar gishiri yake a miya. Idan ya yi yawa, hasken dushewa yake yi.

Inda abin ya fi burge ni shi ne wasu lu'ulu'un na daban, ba na fitilar waya ba, waɗanda ake ƙerawa da ƙarafan wannan rukuni ƙanana ainun, 'yan nanomita 20 zuwa 50, wato dubbansu za su jeru a kaurin silin gashi ɗaya. Ana dafa gishirin ƙarafan ne cikin wani mai a zafin da ya kai kusan digiri 300, a tulun da aka zuƙe wa iska aka maye da iskar gas mai suna agon. Yawanci akan sa ƙarafa biyu na rukunin: itabiyom kashi 20 cikin ɗari, arbiyom kashi 2 kacal. Itabiyom ya kamo hasken da ido ba ya gani, ya miƙa wa arbiyom, shi kuma ya tara ya fitar da kore. Da waɗannan lu'ulu'u ake yin tawadar gano jabun kaya, masu bincike kuma na gwada su wajen haska ƙwayoyin cuta a jiki.

Ka dai guji goge gilashin fitilar wayarka da abu mai kaifi. Ƙyalle mai laushi ya isa.