Amsar tambayarka kan yaran ajinka da rashin tambaya

Wa alaikumus salam ɗana, ya bautar ƙasa, ya ɗaliban naka? Na ga saƙonka tun jiya, na bari ne sai na samu natsuwa don maganar ba ta layi biyu ba ce. Ka ce yaran SS1 da aka ba ka fiziks ba sa tambaya, in ka gama bayani ka ce kun gane sai su amsa baki ɗaya eh malam kai a sunkuye, ranar tes kuma ka ga babu abin da ya zauna. Kuma wai wani abokin aikinka ya ce al'adarmu ce ta jawo, kunya da haddar makarantar allo, har yana ba ka shawara ka hana su russunawa in za su gaishe ka.

Toh gaisuwa dai ka bar musu abarsu. Yaron da aka tasa tun yana ƙarami da rage tsawo gaban babba, kai ka zo zaman shekara ɗaya ka ce ya daina, wallahi kafin sati ya zagayo maganar ta kai gida, kuma daga ranar iyaye sun daina sakin jiki da kai. Russunawa ba ta taɓa hana kowa gane lissafi ba.

Kunyar kam gaskiya akwai ta, amma ka gane inda take. A wajenmu yaro ya kalli malami ido cikin ido ya ce ban gane ba, shi a ransa kamar ya ce malam ba ka iya bayani ba ne, ga kuma tsoron abokai su yi masa dariya, balle 'yan mata in ajin a haɗe yake. Saboda haka wannan kun gane ɗin da kake yi ka daina ta kawai, amsarta ɗaya ce ko sun gane ko ba su gane ba. Mu da muka yi karatun zaure mun san ana tambaya, sai dai tana da ƙofar shiga, ɗalibi ya ce Allah gafarta malam a ƙara min haske a nan wajen, malam ya koma baya ya sake. Koya musu wannan ɗin. In ɗaya ya yi ƙarfin hali ya tambaya ka sa masa albarka a gaban kowa ko da tambayar ba ta da kai, gobe za ka ga hannu biyu. Kuma don Allah kada bulala ta shiga tsakaninka da amsar da ba daidai ba, yaron da ya sha duka a kan kuskure ya gama magana a ajinka.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne ka sa hannunsu a cikin abin. Kada ka ce min babu lab, na san yawancin makarantun babu, ko akwai ɗakin a kulle kayan sun yi ƙura. Samu zare, ka roƙi noti babba da ƙarami wajen bakanike, ka auna zaren mita ɗaya ka rataye a ƙusa bakin taga, fendulam ke nan. Raba su biyar biyar, tsakanin sa'a da sa'a ai babu kunya, nan za ka ji gardama. Kafin a taɓa komai ka ce kowa ya faɗi wanne zai fi sauri, mai nauyi ko marar nauyi, a rubuta a allo, kusan duk za su ce mai nauyi. Sai a ɗan ja kaɗan a saki, ɗaya yana ƙirga kaiwa da komowa sau 20 ɗaya yana riƙe da agogon wayarka, za su samu wajen daƙiƙa 40, a canza notin a sake, 40 ɗin dai, wani zai ce malam agogon ne, ka ce zo ka riƙe da kanka. Sannan a rage zaren ya koma santimita 25 su ga lokacin ya rabu biyu. Sai a lokacin za ka rubuta fomular a allo, su fitar da g, wato ma'aunin yadda jan ƙasa ke ƙara wa abu gudu in yana faɗowa, su ga ya faɗo kusa da 9.8 ɗin da suke haddacewa. Irin wannan aikin ne kuma ke jiransu a firaktikal na WAEC da NECO, wanda bai taɓa riƙe zare ba sai ranar jarabawa hannunsa rawa zai yi.

Hadda kuma ba abin zagi ba ce, yaron da ya iya riƙe izu a kansa riƙe ma'aunai da dokokin Newton guda uku ba zai ba shi wahala ba, ka yi amfani da wannan baiwar. Inda take cutarwa shi ne malami ya cika allo da not su kwafa su maimaita shikenan an gama, wannan kuma laifin malamin ne, ba na alaramma ba.

Ka riƙa ɗauko misali daga gidajensu. Tambaye su me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi, kuma me ya sa sanyin ya fi da rani a kan damina. Ruwa ne ke tsattsafowa ta jikin yumɓu, busasshiyar iska ta kwashe shi, yana tafiya yana jan zafin tukunyar. Da wannan ilimin Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don kayan miya su daɗe ba su lalace ba, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. In kuka zo darasin haske ka ba su labarin Ibnul Haisam, haifaffen Basra wajen shekarar 965 wanda ya zauna Alƙahira, manyan da suka gabace shi da yawa sun ce haske daga ido yake fita, shi ya gwada ya nuna daga abin da ake kallo yake shigowa cikin ido. Abokin aikin naka ma ka ba shi wannan labarin, cikin ladabi, tunda ya girme ka a wajen.

Abu ɗaya kafin ka fara fitar da yara waje ko ka rataye zare a taga, je ka sanar da firinsifal da shugaban sashen kimiyya, ka nemi shawararsu ko da ka san abin da za ka yi, baƙo ba ya shiga gari ya fara gyara ba tare da ya gaida masu gari ba. In ka gwada na fendulam ɗin ka turo min lambobin da suka samu in gani. Gwaggonka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa kiran mahaifiyarka.