Tambayoyin Masu Karatu: Yaya Zan Gano Inda Ɗalibai Ke Tuntuɓe a Rubutu?

Tambaya: Ina koyar da Ingilishi na gama-gari ga ɗaliban shekarar farko a jami'a, kuma kundin digirina na biyu a kan rauninsu ne wajen rubutu. Mai duba aikina ya ce in bar lissafin maki, in yi bincike bi-bayani, wato na hira da lura maimakon alƙaluma. Ta ina zan fara, kuma ɗalibai nawa zan ɗauka? Daga wata malama a Zariya.

Amsa: Malama, shawarar tasa daidai ce. Maki zai nuna miki wanda ya faɗi, amma ba zai faɗa miki dalili ba.

Zaɓi ɗalibai 12 zuwa 15 da gangan: ƙwararru, matsakaita da raunana, maza da mata. A binciken da wani masani mai suna Guest da abokan aikinsa suka wallafa a 2006, an yi hira 60 da mata a Najeriya da Gana, kuma kusan duk jigogin maganganunsu sun bayyana tun a hira 12 na farko. Sai dai mutanensu yanayinsu kusan ɗaya ne. Idan naki sun fito daga tsangayoyi daban-daban, ki ƙara har sai sabon abu ya daina fitowa.

Karɓi rubutu biyu daga kowa, na aji da na gida, tare da daftarin farko mai goge-goge, don a nan ake ganin tunani. Sannan ki ba ɗalibi batu, ya yi rubutun minti 20 yana faɗin abin da ke ransa a bayyane, kina naɗar muryarsa. Ki bar shi ya yi magana da Hausa in ya so. Wannan na da muhimmanci ƙwarai: wani yana da hujja tsararriya a Hausa, sai ta watse wajen juyawa zuwa Ingilishi, wani kuwa tun asali bai san me zai ce ba. Maganinsu ba ɗaya ba ne, ko da makinsu ya zo ɗaya. In ya yi shiru, ce masa “ci gaba da magana” kawai. Da zarar kin tambaye shi dalili, zai koma kare kansa.

A ranar ki yi hira da shi, takardar na gabanku, kina nuna inda ya goge. Ki ware lokaci, domin mayar da hirar awa guda zuwa rubutu kan ci awa 4 ko fiye.

Wajen nazari, sanya wa kowane yanki na rubutun da hirar alamar matsalar da ya shafa: tsara sakin layi, kawo hujja, kwafe ba ambato. Akasari a nan ake zamewa, a cika shafi da kurakuran nahawu saboda su ne masu saurin gani. Ba wa wani malami kashi ɗaya cikin biyar na takardun ya yi nasa alamomin, ku kwatanta.

Kada ki ɗauki ɗaliban da makinsu ke hannunki; abin da kike son ji za su faɗa. Nemi izininsu a rubuce, ki sakaya sunayensu.