Filin Mai Kunne: Tambayoyinku kan hedifon da harkar sauraro

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan hedifon da iyafis suke, shi ya sa na bar musu filin gaba ɗaya. Na rage tsawon wasu tambayoyin saboda wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na saurari wata waƙa da na daɗe da sani a hedifon ɗin abokina, sai na ji wasu kayan kiɗa da ban taɓa sanin suna cikinta ba. Tun daga ranar abin ya shiga raina. Na duba intanet, sunaye da lambobi sun rikita ni. Daga ina zan fara? — Wani ɗalibi

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ta wannan ƙofar kusan kowa ya shigo, barka da zuwa.

Kafin ka tambayi sunan kamfani, tambayi kanka a ina za ka riƙa sauraro. Manyan hedifon masu rufe kunne iri biyu ne, rufaffe da buɗaɗɗe. Ɗauki buɗaɗɗen ka ɗaga shi wajen haske, za ka ga bayan kofinsa raga ce, har kana hango 'yar lasifikar da ke ciki. Iska na shiga tana fita, don haka sautin ba ya cunkushewa, sai ka ji kamar makaɗan sun ja da baya sun bazu a gabanka maimakon su taru a tsakiyar kanka. Kamfanin Sennheiser na Jamus ne ya fara fito da irinsa a 1968, mai lamba HD 414. Aibinsa shi ne na kusa da kai zai ji duk abin da kake ji, kai ma za ka ji duk motsinsa. Idan kana kwana ɗaki ɗaya da wasu, ko a ɗakin karatu za ka saurara, manta da shi. Rufaffen yana tare hayaniya kuma kaurin sautinsa, wato sautin ƙasa-ƙasa irin na babbar ganga, ya fi ƙarfi, sai dai kunne na yin gumi a ciki.

Na biyu, kada sabon fitowa ya ruɗe ka. Wayar salula ta 1997 ko kyauta aka ba ka ba za ka karɓa ba, amma Sennheiser HD 600 a shekarar ya fito, kuma har gobe da shi ake auna wasu. Sony MDR-7506 ya fito a 1991, yana nan a kan masu aikin rediyo da ɗaukar sauti. Koss Porta Pro, ɗan ƙarami mara nauyi, tun 1984 ake ƙera shi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: abin da ke cikin yawancinsu maganaɗisu ne da naɗin siririyar waya da wata 'yar fata mai kaɗawa, tsarin da Beyerdynamic ya sa a hedifon tun 1937. Babu manhajar da za ta tsufa. Soson kunne ne ke lalacewa, shi kuma ana sauya shi.

Rubutun da ke jikin kwali cewa yana bayar da sauti daga 20 zuwa 20,000 na hertz, wato ma'aunin kauri ko kaifin sauti, wannan iyakar jin ɗan Adam ce kawai aka kwafo, kowa na rubuta ta, mai kyau da mara kyau. Abin da ke bambanta su shi ne yadda aka raba ƙarfi tsakanin kauri da tsakiya da kaifi. Wani an cika masa kauri har muryar mawaƙi ta nutse, wani kaifinsa ya yi yawa har duk inda aka furta "s" sai ka ji ta soke ka.

Ga yadda nake gwaji. Ina da waƙoƙi 'yan kaɗan da na sani ciki da bai, da muryar mutum ɗaya yana magana ba kiɗa. Da muryar nake farawa, domin kunne ya fi sanin muryar mutum a kan komai, idan ta fito ta hanci ko ta yi rami nan take za ka gane. Sannan in daidaita ƙarar hedifon biyun da nake kwatantawa. Wannan matakin shi ake yawan tsallakewa, kuma a nan ake cin mutane. Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa idan ƙara ta yi ƙasa, kunne ba ya kama kauri da kaifi sosai, idan aka ɗaga ta sai su bayyana. Saboda haka wanda ya ɗan fi ƙara shi za ka ce ya fi daɗi, ko da ba haka ba ne. Daga ƙarshe in bar shi a kaina rabin sa'a. Wanda ke matse muƙamuƙi ko ya danna tsakiyar kai ba ya nuna halinsa a minti biyu. Idan kana sa tabarau ka gwada da shi, domin ƙafar tabarau na ɗaga soso, iska ta fita, kauri ya ragu.

Shawarata: guda ɗaya mai igiya, cikin waɗanda suka daɗe ana yabonsu, ka zauna da shi watanni kafin ka ƙara sayen komai. Sai kunnenka ya saba da guda ɗaya za ka iya faɗin abin da kake so a na gaba.

Tambaya: Malam, na sayi hedifon da aka rubuta 250 ohm a jikinsa. Na jona a waya, na ƙure ƙara, amma sautin ba ƙarfi. Jabu aka sayar min? — Mai karatu

Amsa: Da wuya ya zama jabu, kai dai ka ɗauko wanda ba don waya aka yi shi ba. Lambar ohm tana nuna yadda hedifon ke turjiya ga lantarkin da ke shigarsa. Mai babbar lamba yana buƙatar a tura masa lantarki da ƙarfi kafin ya ɗaga murya, waya kuwa da ɗan batirinta ba ta da wannan ƙarfin. Beyerdynamic DT 770 Pro, alal misali, ana yin sa a 32 da 80 da 250 ohm. Na 32 don waya da kwamfutar hannu, na 250 don na'urorin ɗakin haɗa sauti. Babbar lamba ba ta nufin ya fi kyau.

Akwai lamba ta biyu da mutane ba sa dubawa, wadda ke nuna yawan ƙarar da hedifon ke bayarwa idan an ba shi lantarki kaɗan, ana rubuta ta da desibel, wato ma'aunin ƙarar sauti. Wani ohm ɗinsa ƙasa yake amma mai cin wuta ne.

Maganinka ƙaramar amfilifaya ce. Akwai 'yan ƙanana da ba su wuce tsawon yatsa ba, ana jona su a ramin caji, ɗaya bakin kuma a sa hedifon. A cikinsu akwai abu biyu: mai juya lambobin fayil su zama sauti, wanda 'yan harkar ke kira DAC, da mai ƙara masa ƙarfi. Ka duba wadda aka ce tana bayar da volt 2, domin da yawa ɗaya kawai suke bayarwa.

Ga sauran masu karatu kuma, kada wannan amsar ta sa ku ruga sayen amfilifaya. Idan ƙara tana kaiwa inda kuke so kuma akwai saura, babu tsuwa, babu karkarwa a wajen dukan ganga, to abin da kuke da shi ya wadatar. Na sha ganin mutum ya tara akwatuna uku a kan tebur yana neman gyara sautin da tun asali hedifon ɗin ne bai masa ba. Canza hedifon yana sauya sauti nesa ba kusa ba, canza DAC kuwa sai ka kasa kunne sosai, wani lokacin ma ba za ka ji komai ba.

Tambaya: Malam, ni mai yawan tafiye-tafiye ce, ina son mara igiya mai kashe hayaniya. Ƙanena ya ce Bluetooth na ɓata sauti. Gaskiya ne? — Wata 'yar'uwa

Amsa: Malama, ƙanen naki yana da rabin gaskiya. Sautin faifan CD yana gudu a kilobit 1,411 cikin daƙiƙa, Bluetooth kuma ba ya iya ɗaukar wannan duka, sai an matse an zubar da abin da ake ganin kunne ba zai lura ba. Hanyoyin matsewar suna da sunaye: SBC wanda kowace na'ura ke da shi, AAC wanda iPhone ke amfani da shi, aptX, da LDAC na Sony da ke kaiwa kilobit 990. Sai waya da hedifon duka sun san hanya ɗaya za ta yi aiki, in ba haka ba su koma SBC ba tare da sun faɗa miki ba.

Amma a cikin jirgi ko mota, ga rugugin inji, ba na jin akwai mai rantsuwa ya bambance su. A can kashe hayaniya ya fi duk wannan lissafin amfani. Yadda yake aiki: akwai 'yan makirfo a jikin kofin da ke sauraron ƙarar waje, sai na'urar ta ƙirƙiro kishiyar ƙarar ta aika cikin kunne, su haɗu su kashe juna. Bose ya fara sayar wa matuƙa jirgin sama irinsa a 1989, ya fito da na kowa da kowa a 2000. Ya fi cin nasara a kan ƙara mai kauri da ba ta canzawa, kamar inji ko fanka. Kukan jariri da hirar maƙwabcin kujera za su ragu, amma ba za su ɓace ba, kada ki sa rai. Wasu kuma suna jin kamar an toshe musu kunne idan sun kunna shi, har da ɗan jiri, don haka ki gwada kafin ki biya.

Abin da ke damuna da mara igiya ba sautin ba ne, batir ne. Bayan 'yan shekaru zai daina riƙe caji, a ƙananan iyafis kuma galibi an manne shi ba a canzawa. Idan babba za ki saya, nemi wanda ke da ramin igiya, ko batir ya mutu ba ki yi asarar komai da komai ba.

Tambaya: An ce in sayi igiyar azurfa don sauti ya fi kyau, kuma in bar sabon hedifon yana kiɗa kwana da kwanaki kafin ya "nuna". Gaskiya ne? — Mai karatu

Amsa: Igiya ka saya idan taka ta tsinke, ko ta yi gajarta, ko tana ƙara idan ta goga riga. Batun nuna kuwa, abin da ya fi sauyawa a makon farko kunnenka ne da ke sabawa, sai soso da ke laushi yana bin siffar kanka. Sa abinka ka saurara tun ranar farko.

Tambaya: Malam, bayan na cire iyafis da dare nakan ji wani siririn ƙara "iiiii" a kunnena, da safe ya tafi. Akwai matsala? — Wani matashi

Amsa: Akwai, ƙanena, kuma na gode da ka tambaya tun yanzu. Wannan ƙarar alama ce cewa ka wuce gona da iri. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, a cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 16,000. Su ke juya kaɗawar sauti ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke karantawa. Ƙara mai yawa tana gajiyar da su, shi ya sa kake jin abin ya tafi da safe. Idan aka ci gaba suna mutuwa, kuma a jikin ɗan Adam ba sa sake tsirowa. Ba ya zuwa da ciwo. Abin da mutum zai fara lura da shi shi ne yana jin ana magana a cikin taro amma ba ya tantance kalmomin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni: desibel 80 na sa'a 40 a mako ga babba, 75 ga yara. Idan ka hau 90, sa'a 4 kawai gare ka a mako. A 100 kuwa minti 20 ne. Wayoyi da yawa yanzu suna da wurin da ke nuna wannan lissafin kuma suna bari a sa iyaka, shiga saitin sauti ka kunna shi. Lura kuma da inda kake ƙara murya: yawanci a cikin hayaniya ne, kana ƙoƙarin danne ta. Iyafis mai toshe kunne da kyau zai sa ka rage ƙarar da kanka.

Ka huta wa kunnen kwana biyu. Idan ƙarar ta ƙi tafiya, je ka ga likitan kunne a auna jinka. Idan kuma wata rana ka tashi kunne ɗaya ya ɗauke kwatsam, wannan ba na jira ba ne, a ranar ake zuwa asibiti.

Tambaya: Iyafis ɗina sabo ne amma ba kauri ko kaɗan, kuma ɓangaren hagu ya fi ƙasa. — Wata mai karatu

Amsa: Koma cikin kwalin, za ki ga 'yar jaka da robobi ƙanana da matsakaita da manya. Wadda ta zo a jiki ba lalle ta dace da ke ba, kuma kauri ba ya samuwa sai roba ta toshe ramin kunne ruf. Ki ja saman kunnenki sama da ɗaya hannun, ki tura iyafis ɗin ki ɗan murza, sannan ki saki. Idan ya zauna, muryarki za ta yi miki nauyi a ka idan kin yi magana. Kada ki yi mamaki idan hagu ya ɗauki babba dama ya ɗauki matsakaiciya, ramukan kunnen mutum ɗaya ba lalle su zo daidai ba. Akwai kuma na soso da ake murzawa a yatsu ya ƙanƙance, a sa shi ya kumbura a ciki. Idan bayan wannan hagun bai daidaita ba, cire robar ki duba 'yar ragar da ke bakin, ki goge ta da busasshen buroshi mai laushi bakin na kallon ƙasa, ban da allura. In har sabo ne kuma ragar tsaf take, mayar musu da shi tun garanti bai ƙare ba.