Ga ɗan'uwan da ya ce ana yi wa tambayoyinsa shiru

Salamu alaikum. Malam, ka ce sau uku kana kawo tambaya a wannan zauren ba wanda ya tanka, alhali wani na jefo tasa amsoshi za su yi ta zubowa, shi ne kake son sanin abin da ke sa tambaya ta yi kyau. Ni dai ba na jin raini ne. Bari in ba ka labarin wautar da na taɓa yi, ina ganin za ka ga kanka a ciki.

Akwai shekarar da motata ta sa ni gaba. Kullum da safe sai an tura. Sai na rubuta: "Jama'a, wane batir ne ya fi ƙarko?" Aka yi ta jero min sunaye, na zaɓi ɗaya na saya. Ko mako biyu ba a yi ba muka koma turi. Na dawo cikin fushi ina cewa an ba ni shawarar banza. Wani dattijo, Allah ya saka masa, ya ce: "Bar maganar batir tukuna, me motar take yi?" Sai a lokacin na faɗi abin da ya kamata in fara da shi: fitilun gaba suna dusashewa in na tsaya, ga alamar batir tana kunnuwa a dashbod tana ɗaukewa. Ya ce in sa mita in auna. A kashe, lafiyayyen batir yakan nuna kusan volt 12.6, in injin na aiki kuma ya kamata ya haura zuwa wajen 14. Nawa ko motsi bai yi ba. Ashe fambel ne ya saki, altaneta, na'urar da ke cajin batir, ba ta caji. Tsohon batirin da na yar ma ƙila lafiyarsa ƙalau.

Ka ga laifin ba na masu amsa ba ne. Abin da na tambaya shi suka amsa. Ni ne na yanke hukunci a raina, na ɓoye ciwon na kawo musu sunan magani. Masu harkar kwamfuta har suna suka raɗa wa wannan, matsalar XY: buƙatarka X ce, ka zaci Y ce mafita, sai ka yi ta tambaya a kan Y. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Faɗi inda kake son zuwa, da abin da ka gani da idonka, da abin da ka gwada bai yi ba. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, don masani ba ya son ya ɓata minti goma yana rubuta abin da za ka ce "ai na riga na yi wannan."

Wani abin kuma shi ne tambayar da ta taho da amsarta a goye. "Ko ba haka ba ne?" "Ai wannan maganin shi ya fi, ko?" Mutane suna jin nauyin musa maka, sai su bi ka. Kuma kalma ɗaya tak tana juya amsa. A 1974, wasu masu bincike a Amurka, Elizabeth Loftus da John Palmer, sun nuna wa ɗalibai hoton bidiyon haɗarin mota. Wasu aka tambaye su gudun motocin lokacin da suka "bugi" juna, wasu aka ce lokacin da suka "ragargaji" juna. Bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Cikin 50 da suka ji kalmar ragargaza, 16 suka ce sun gani. Cikin 50 na ɗaya ɓangaren, 7 ne kawai. Alhali babu gilashin a bidiyon sam. To in shaidar gani da ido ta karkata haka, ina ga wanda ke karanta labarinka daga nesa?

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma suna kashe tambaya. "Akwai likita a nan?" ba tambaya ba ce, sallama ce kawai, likitan yana gani zai wuce, don bai san nauyin da za ka ɗora masa ba. "A taimaka da gaggawa" ba ta gaya wa kowa komai. Tambaya biyar a dunƙule kuwa, mai sauƙin za a ɗauka a bar maka sauran. In saƙo ne ya fito a allo, kwafo shi yadda yake, kada ka ce "ta rubuta wani abu da Turanci."

Na koma na duba ta ƙarshe da ka kawo, inda ka ce wayarka "tana ba ka matsala." Wace irin waya ce, yaushe abin ya fara, bayan faɗuwa ne ko bayan ka saka wata manhaja, kuma in zafi take yi, a caji ne ko ko yaushe? Turo waɗannan huɗun, in sha Allah kafin dare za mu duba.