Ku Tambaya Mu Amsa: Faifan The Strokes na biyu maimaici ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Kwanan nan na fara sauraron ƙungiyar mawaƙan rok ɗin nan ta birnin New York, The Strokes, kuma faifansu na biyu, Room on Fire, ya fi na farko kwanta mini a rai. Sai ga shi na karanta cewa masu sharhi sun ce maimaici ne kawai. Kunnena ne bai goge ba, ko su ne suka tsananta? Daga wani ɗalibi mai bin wannan fili.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Kunnenka lafiya lau. Da farko ma dai, ba kushe faifan aka yi ba. Da ya fito a watan Oktoban 2003 yawancin masu sharhi sun yaba, ya kai na 4 a jadawalin Billboard na Amurka, na 2 a na Birtaniya. Ƙorafin da ya yi ta yawo ɗaya ne: wai ya cika kama da faifansu na farko, Is This It na 2001.

Kuma akwai ƙamshin gaskiya a zancen. Samarin nan biyar sun fara aikin ne da Nigel Godrich, furodusan da ya yi suna da ƙungiyar Radiohead, amma tafiyar ba ta yi daɗi ba, suka koma wa Gordon Raphael, wanda ya haɗa musu na farko. Hannu ɗaya ne ya yi girkin, to dole ɗanɗano ya zo kusa. Waƙoƙi 11 ne a kowane faifai, gajeru, muryar Julian Casablancas kuma tana nan a dusashe kamar ta cikin tsohuwar rediyo.

Inda na raba gari da masu sharhin shi ne, sun auna faifan da hayaniyar 2001, lokacin da mujallu irin su NME ta Ingila suka ɗauki ƙungiyar tamkar ita ce za ta farfaɗo da kiɗan jita. Wanda aka yi wa wannan kirari, me zai kawo bayan shekara biyu da zai ishe su? Da sun natsu sun saurara, da sun ji bambancin. Sa waƙar "12:51" ka kasa kunne: sautin nan da za ka rantse na kibod ne, jitar Nick Valensi ce. A "Reptilia" kuwa, jitar bes ce ke buɗe fage da ganga, sannan jitoci biyu su shigo suna cacar baki, kowace da hanyarta. "Under Control" a hankali take tafiya, da salon kiɗan sol, kuma babu irinta a faifan farko. Ni wannan waƙar ce ma na fi so a duk aikin.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ya biyo baya. A faifai na uku, First Impressions of Earth, sun ɗauko wani furodusan, David Kahne, suka tsawaita waƙoƙin, suka wanke sautin tas. Canjin da aka nema kenan, amma sharhin da ya samu bai kai na Room on Fire kyau ba.

Hukuncin makon farko ma yakan sauya. A 1996 masu karanta mujallar Rolling Stone sun sa Pinkerton, faifan ƙungiyar Weezer na biyu, a matsayi na uku cikin mafi muni na shekarar. A 2004 mujallar da kanta ta sake duba shi, ta ba shi taurari biyar cif.